Na goge sifilin bayan ɗigo da rejeks, sai 100 ta koma 1

Ɗalibar_Awo ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Yau kwana uku ina fama da abin da na ɗauka aikin minti biyar ne, na gaji da gardama da kwamfuta, shi ne na kawo kuka.

Ina bincike da na'urori goma sha huɗu masu auna zafi da danshin iska. Kowacce tana rubuta abin da ta auna duk bayan minti goma, ƙarshen wata in tattara su cikin fayil ɗaya na CSV, wato jadawalin rubutu da waƙafi ke raba gurabensa. Na watan jiya ya haura layi 60,000. Na'urorin ba tsara ɗaya ba ne, kuma a nan ciwon kan yake. Sababbin guda goma sha ɗaya kullum lamba uku suke rubutawa bayan ɗigo, ko da babu komai a wurin: 23.500, 41.000, 0.000. Tsofaffin guda uku kuwa nasu halin daban. Idan adadin cikakke ne ba sa sa ɗigo sam, sai dai 40 ko 100 tsirara, in kuma akwai ɗigo sai su cika gaban da sifili, wato 007.250 a maimakon 7.25.

Abin da nake so bai da yawa. Sifilin da ke reto a ƙarshe bayan ɗigo ya tafi, 23.500 ta zama 23.5, 41.000 ta zama 41 ba tare da ɗigon ya rage shi kaɗai kamar maraya ba. Sifilin gaba shi ma ya tafi. Sannan in iya ware duk layin da awonsa sifili ne zalla, domin idan batirin na'ura ya mutu ko wayarta ta kwance, sifili take ta zubowa har sai an lura.

Da harshen rubuta manhaja na Python nake aiki, ina amfani da rejeks, wato jerin alamomin da ake nemo wata siffa a rubutu da su a musanya ta. Na fara da `0+$`, wato sifilan da ke ƙarshen rubutu, ina musanya abin da ya kama da babu. 23.500 ta gyaru, na ji daɗi, amma 41.000 ta koma `41.` da ɗigonta. Sai na ƙara masa ya zama `\.?0+$`. Na gwada a kan lambobi biyar da na zaɓa da hannuna, duka suka fito daidai, na sake shi a kan fayil gaba ɗaya na je na kwanta. Washegari da na zana jadawalin danshi sai na ga tsofaffin na'urorin nan uku suna faɗowa ƙasa kamar an jefa dutse a rijiya. Inda ya kamata a ga 100 an ga 1, 40 ta zama 4, 90 ta zama 9. Wanda ya fi ba ni haushi, inda aka rubuta 0 ita kaɗai gurbin ya koma fayau, ba komai. Garin gyaran gira na rasa ido. Allah ya sa ina da kwafin asalin.

Wajen ware sifili kuma na fara da neman `0.0`, ya kwaso mini 10.05 da 30.012 da tarkace iri-iri. Na canza zuwa `^0*\.?0*$`, ya ba ni layuka fiye da yadda nake zato da kusan ɗari huɗu, kuma na kasa gane daga ina suka fito.

Don Allah wanda zai taimaka ya haɗa da bayani. Na gaji da kwafo jerin alamomin da ban san abin da suke cewa ba.

Baban_Kod ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, duk wanda ya taɓa rejeks ya sha wannan dukan. Ni nawa ya fi naki muni, don ban ajiye kwafi ba.

Abu na farko da za ki sa a ranki: rejeks bai san lissafi ba. Bai san 100 ɗari ba ce. Abin da yake gani haruffa uku ne a jere, 1 da 0 da 0. Ke ce kika san sifilin 100 yana da nauyi, na 23.500 ba shi da shi, kuma bambancinsu ɗaya ne tak: shin akwai ɗigo a wani wuri kafin sifilin? Tsarinki bai taɓa yin wannan tambayar ba. Alamar tambayar da kika sa a `\.?` cewa take yi "in akwai ɗigo to, in babu ma ba laifi". Kin ba shi izini da bakinki ya cinye sifilin 100.

Ga wanda zai yi miki:

`(\.\d*[1-9])0+$|\.0+$`

ki musanya da `\1`.

Sandar da ke tsakiya tana nufin "ko", don haka hanya biyu ce. Ta farko: a samu ɗigo na gaske, sai lambobi ko nawa ne, sai wata lamba daga 1 zuwa 9, sai sifili ɗaya ko fiye har ƙarshen rubutu. Abin da ke cikin baka shi muke so mu riƙe, shi `\1` yake dawo da shi, sifilan da ke wajen baka su ne suke tafiya. Ta biyu: ɗigo, kuma ba abin da ya biyo shi sai sifili zalla har ƙarshe. A nan ba abin riƙewa, ɗigon da sifilan duka su tafi tare.

Bi shi da yatsa a kan 0.050. Ya tsaya a ɗigo. `\d*` mai haɗama ne, sai ya haɗiye 050 gaba ɗaya. Daga nan ana neman lamba daga 1 zuwa 9, ba saura. Sai ya amayo sifilin ƙarshe, a duba, sifili ne, bai yi ba. Ya amayo 5, ta yi. Sifilin da ya rage ya faɗa hannun `0+`, ga ƙarshe. Sakamako 0.05, sifilin tsakiya yana nan daram. A kan 100 kuwa ba ɗigo, duka hanyoyin biyu sun mutu tun a bakin ƙofa.

Za ki ga wasu suna rubuta `\d*?` da alamar tambaya, wai don ya rage haɗama. Muddin `$` tana ƙarshe sakamakon ɗaya ne, ni ba na sawa. Sai dai ki duba Python ɗinki kada ta gaza 3.5. Kafin nan, idan hanya ta biyu ce ta kama, rukunin farko, wato abin cikin baka, bai kama komai ba, sai ta yi miki ihun kuskure a maimakon ta sa babu.

Sifilin gaba: `^(-?)0+(?=\d)`, shi ma ki musanya da `\1`. Wannan `(?=\d)` leƙen gaba ne, yana dubawa amma ba ya ci. Cewa yake yi a goge sifili kawai idan wata lamba ce ke bin sa. Saboda haka 007.250 ta zama 7.250, amma 0.5 ba a taɓa ta, tunda ɗigo ne ke bin sifilinta. 000 kuma ta tsaya a 0, ba ta ɓace ba.

Sai batun ɗari huɗunki. Duba `^0*\.?0*$` da kyau: tauraro na nufin "ko nawa ne, har da babu". Sifili ko babu, ɗigo ko babu, sifili ko babu. Idan kowa ya zaɓi babu, me ya rage? Gurbi fayau. Na rantse guraben da na'ura ba ta rubuta komai ba ne kika ƙirga a matsayin sifili. Har ɗigo shi kaɗai zai amsa. Na farkon kuma, `0.0`, laifi biyu gare shi: ba ki ɗaure shi gaba da baya ba, kuma ɗigon da ba a sa masa karkatacciyar sanda ba yana nufin kowane harafi ne, don haka 707 ba zai kama ba amma 070 zai kama. Yi amfani da wannan:

`re.fullmatch(r'[+-]?(?:0+(?:\.0*)?|\.0+)', s)`

Dole a samu sifili aƙalla ɗaya, ko gaban ɗigo ko bayansa.

Ɗalibar_Awo ta rubuta:

Allah ya saka da alheri Baba, ɗari huɗun nan kuwa guraben banza ne, na ƙirga, 396 cif. Kuma wallahi yau na fara fahimtar abin da ake nufi da haɗama.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, kuma laifina ne. Na ce me zai sa in ta rarraba gurbi-gurbi a Python, bari in ba `sed`, manhajar nan ta gyara rubutu layi-layi, layin gaba ɗaya ya yi mini a bugu ɗaya. Na sa tsarinka yadda yake. Ko alama, fayil ya fito yadda ya shiga. Na koma Python na ba shi cikakken layi, sai gurbin ƙarshe kawai yake gyarawa. Na gane `$` ƙarshen layi take nema, ni kuma lambobina suna tsakiya, waƙafi ne ke bin su. Sai dabara ta zo mini, na cire `$` ɗin duka biyu.

Kada ka yi dariya. 21.305 ta zama 21.35. Wannan ma da sauƙi, don ido ba zai kama ba, wanda hakan ya fi tsorata ni. 18.005 kuma ta zama 185. Zafin ɗaki 185! Sannan kowane layi yana farawa da kwanan wata irin 10.03.2020, da adireshin na'urar irin 192.168.1.10, da sigar manhajar cikinta, wasu 3.10 wasu 3.9. Ban ma tsaya duba abin da ya same su ba, na rufe kwamfutar.

Baban_Kod ya rubuta:

Na yi dariyar, ki yafe ni. Amma 185 ɗin nan alheri ce, ita ta tona asiri.

`$` ba ado ba ce. Ita ce kaɗai ke tabbatar da cewa sifilin da aka kama na ƙarshe ne. Da kika cire ta, a 21.305 injin ya nemi sifili bayan 5 bai samu ba, ya ja da baya ya ce ai ga ɗigo, ga 3, ga sifili, sharaɗi ya cika, ya goge. A 18.005 hanya ta biyu ce ta ga `.00` ta share har da ɗigon, 18 da 5 suka manne.

Shi `sed` kuma bai san `\d` a matsayin lamba ba, sai kin rubuta `[0-9]`, kuma sai kin sa `-E` kafin baka da sanda su yi aikin da kike nufi. Ko kin gyara wannan, idan fayil ɗin daga Windows ya fito, kowane layi yana ƙarewa da ɓoyayyen harafi `\r` kafin sabon layi. Ido ba ya ganinsa, amma yana tsaye tsakanin sifilinki da `$`. Python tana share shi da kanta idan kin buɗe fayil a matsayin rubutu, shi ya sa a can gurbin ƙarshe ya gyaru.

In dole sai kin yi aiki a tsakiyar rubutu, ba cire shinge za ki yi ba, sauya shi za ki yi:

`(?<![\d.])(\d+)(?:(\.\d*[1-9])0+|\.0+)(?!\.?\d)`

a musanya da `\1\2`. Na farkon waiwaye ne: kada a fara daga wurin da lamba ko ɗigo ke bayansa, wato sai daga ainihin farkon adadi. Na ƙarshen leƙe ne: bayan sifilan kada lamba ta biyo, kada kuma ɗigo da lamba su biyo. Wannan ya kare adireshin, wanda da ya koma 192.168.1.1, wato wata na'ura daban, ya kare kwanan watan, wanda da ya koma shekara ta 202. Na guji `\b`, alamar iyakar kalma, da gangan, domin a rubutu irin 2.50kg ba ta ganin iyaka tsakanin sifili da k. Kuma `sed` ba ya leƙe ba ya waiwaye, sai ki koma Perl ko Python. Harshen Go shi ma ba shi da su.

Amma ga inda gizo ke saƙa: 3.10 ɗinki za ta koma 3.1, kuma ba rejeks ɗin da zai hana. A rubuce, sigar manhaja 3.10 da zafi 3.10 abu ɗaya ne sak. Mutane da yawa sun sha irin wannan lokacin da Python 3.10 ta fito a 2021, suka rubuta 3.10 a fayil ɗin saiti na YAML ba tare da alamar zance ba, aka karanta musu 3.1. Abin da ya raba su shi ne gurbin da suke ciki. Don haka ki koma hanyarki ta farko, ki raba layi da `csv`, ki taɓa gurbin zafi da na danshi kaɗai.

Wani tarko tun kafin ki faɗa: in kin haɗu da .5 kina so ki mai da ita 0.5, kada ki rubuta `\10.` a wajen musanya. Python za ta ɗauka rukuni na goma kike kira. Sai `\g<1>0.`

Injiniya_Shuru ya rubuta:

Baba ya yi bayani mai kyau, ba ni da abin gyarawa a tsarinsa. Tambayata ita ce me ya kawo rejeks cikin maganar tun farko. 'Yar uwa, abin da ke hannunki adadi ne, kina ta lallashin kayan aikin da Baba da kansa ya ce bai san lissafi ba.

```
from decimal import Decimal
d = Decimal("007.250")
format(d.normalize(), "f")
```

`Decimal` kayan Python ne mai riƙe adadi daidai yadda aka rubuta shi. Wannan ya ba ki 7.25, gaba da baya a bugu ɗaya. Gwajin sifili kuma `d == 0`, shi ke nan. Zai gane 0 da 0.000 da 000.0 da -0.000 har da 0e5, ba sai kin zauna kina tunanin duk siffar da sifili zai iya zuwa da ita ba. Idan gurbin fayau ne zai yi ihu, wanda shi ake so, da tun ranar farko kin san da 396 ɗin nan.

Abu biyu za ki kiyaye. Kada ki manta da `format` ɗin, don `normalize` ita kaɗai tana mai da 100 zuwa 1E+2. Darajar ba ta canza ba, amma ba wanda zai so ganin haka a jadawali. Masu Java suna da irin wannan da `stripTrailingZeros`, sai sun bi ta da `toPlainString`. Na biyu, `Decimal` na ce, ban ce `float` ba, wato nau'in adadi mai ɗigo na yau da kullum a Python. Da `float` za ki ga 0.00001 ta fito 1e-05, in kuma kika bi ta `%g` lamba shida kawai yake riƙewa, 1234.5678 ta koma 1234.57 ba sallama. Ki ba `Decimal` rubutun kai tsaye, kada ya bi ta `float` ko sau ɗaya.

Na ga kuma wasu suna ba da shawarar `rstrip("0")` idan akwai ɗigo a ciki. Tana aiki har ranar da aka ba ta 1.50e10, ta mai da ita 1.50e1. Biliyan goma sha biyar ta koma goma sha biyar.

Ba ƙin rejeks nake yi ba, tsoronsa nake ji, kuma da dalili. Wancan `0+$` da kika fara da shi, ko da bai ci 100 ba, yana da wani aibin. Ki ba shi dogon jerin sifili da 1 a ƙarshe: zai fara daga sifilin farko ya bi har ƙarshe, ya tarar ba ƙarshen rubutu ba ne, ya dawo ya fara daga na biyu, haka har su ƙare. In jerin ya ninka sau goma, aikin ya ninka sau ɗari. Irin wannan ne ya tsayar da shafin tambayoyin masu rubuta manhaja na Stack Overflow na minti 34 ranar 20 ga Yuli, 2016. Nasu ba sifili yake gogewa ba, sararin ƙarshen layi ne, sai aka samu wani rubutu mai sarari kusan 20,000 a jere, aikin ya kai matakai kusan miliyan 200. Lambobinki gajeru ne, wannan ba zai same ki ba, kuma na Baba ya tsira tunda daga ɗigo kawai yake farawa. Na faɗa ne don ki san alamomi uku ma suna iya cizo.

Baban_Kod ya rubuta:

Injiniya, ban ƙi taka ba, ga aikinta ita ce daidai. Amma ranar da aka ba ta rahoto mai shafi ɗari da lambobi a warwatse cikin jimloli, `Decimal` ba zai nemo mata su ba. Kuma ka manta ka gaya mata cewa `Decimal("NaN")` (wato "ba adadi ba") ba ya ihu, karɓa yake yi hannu bibbiyu. Ni da rejeks nake tsare ƙofa, in tabbatar siffar gurbin ta yi, sannan in miƙa wa lissafi. In za ki yi haka ƙanwata, rubuta `[0-9]` a maimakon `\d`, domin a Python 3 `\d` yana karɓar lambobin wasu rubuce-rubucen, har da na Larabci irin ٣ da ٠, alhali `0` ɗin da ke cikin tsarinki sifilin boko kaɗai ya sani. A JavaScript ba haka ba ne, can 0 zuwa 9 ne kawai.

Malama_Fiziks ta rubuta:

Ni ba gwanar rejeks ba ce, na bar wa maza biyun nan gardamarsu. 'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki: wa ya ce ki goge sifilan?

A lissafi 23.5 da 23.500 ɗaya ne. A awo ba ɗaya ba ne. Wanda ya rubuta 23.5 yana cewa ya auna zuwa kashi ɗaya cikin goma. Wanda ya rubuta 23.500 yana da'awar ya auna zuwa kashi ɗaya cikin dubu, kuma lambobin biyu na ƙarshe sifili ya gani. Idan kika share, 23.500 da 23.512 za su zauna a jeri ɗaya, ɗaya da lamba ɗaya ɗaya da uku, mai karatu ya ɗauka na'urori biyu ne masu kaifi daban. Haka 41.000 ta sabuwar na'ura da 41 ta tsohuwa za su zama abu ɗaya, alhali yanzu da ido kina iya raba su.

Yana yiwuwa kuma lamba ukun nan ƙarya ce tun daga tushe. Ki buɗe takardar da ta zo da na'urar ki ga iyakar kuskurenta. In an ce rabin digiri sama ko ƙasa, to 23.512 ma ba ta da hurumin riƙe 12 ɗin nan. Maganin a nan ba goge sifili ba ne, a taƙaita kowa zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo, a bar 41.0 da sifilinta.

Sai maganar mutuwar na'ura. Kin ce duk awon da ya zo sifili na matacciya ne. Digiri nawa kike aunawa? In da wurin da ke kusa da daskarewar ruwa, sifili awo ne na halal.

Ɗalibar_Awo ta rubuta:

Malama, kin sa na yi shiru na kusan awa ɗaya.

Ba wanda ya ce in goge. Ni ce na ga jadawalin ya cika da sifili ya yi mini muni a ido. Na nemo takardar sababbin na'urorin, 0.3 ne sama ko ƙasa a zafi, danshi kuma kashi 2 cikin ɗari. Wato kwana uku na yi ina faɗa a kan lambobin da na'urar ma ba ta tsaya musu ba. Yanzu asalin fayil ɗin na kulle shi, ba mai taɓawa. Wajen nunawa kawai nake taƙaita zafi zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo, danshi kuma cikakken adadi.

Na bi ta Baba da ta Injiniya duka biyu, kada wani ya yi fushi. `csv` ya raba, rejeks ya tsaya a ƙofa da `[+-]?[0-9]+(?:\.[0-9]+)?` cikin `fullmatch`, duk abin da bai shige ba ya tafi wani fayil daban in duba da idona, wanda ya shige `Decimal` ya karɓa. Ƙofar ta tare guraben banza 396, da wasu 17 da ɗaya daga cikin tsofaffin ta rubuta `ERR`, waɗanda ban taɓa sanin suna ciki ba. Dogon tsarin nan mai waiwaye kuma na adana shi, don akwai bayanan da masu duba na'urorin suke rubutawa da hannu, can zai yi amfani.

Tambayarki ta ƙarshe ce ta fi zafi. Biyu daga cikin na'urorin a ɗakin sanyi suke, ana riƙe shi tsakanin digiri 0 da 4. Tun watan farko duk layin da zafinsa ya zo sifili zubar da shi nake yi. Da na duba na watan jiya, layi 212 na ɗakin sanyi ne lafiyayyu, danshinsu yana nan 85, 88, 90. A cikinsu 31 ma -0.000 aka rubuta, ina jin zafin ya ɗan gangara ƙasa da sifili da ƙyas, na'urar ta taƙaita ta bar alamar ragi. Tsohon tsarina bai san alamar ragi ba, shi ya sa waɗannan kaɗai suka tsira, sauran 181 na jefar. Matacciyar na'ura zafi da danshi duka take mayarwa sifili lokaci guda, don haka yanzu sai duka biyun sun zo sifili nake warewa.

Saura in sake lissafin wata huɗu da suka wuce, in kuma san yadda zan gaya wa malamin da ke duba aikina cewa matsakaicin zafin ɗakin sanyin da na ba shi ya fi na gaskiya. Injiniya, -0.000 ɗin nan `normalize` tana dawo mini da ita -0. Akwai hanya mai tsafta ta cire alamar, ko in sa sharaɗi kawai?

Injiniya_Shuru ya rubuta:

Sa sharaɗi. `if d == 0: d = abs(d)`. Amma ki yi shi bayan kin taƙaita, ba kafin ba, in ba haka ba -0.04 za ta wuce gwajin sannan ta koma -0.0 a jadawali.